Kaskon Lantarki na Gasa Fanke: Yadda Yake Riƙe Zafi a Birnin Kebbi

Kaskon lantarki mai faɗi ya fara yawa a shagunan kayan kicin na Babbar Kasuwar Birnin Kebbi, kuma yawancin matan da suke tambayar kuɗinsa fanke ne a ransu, wato fanke mai faɗi da ake gasawa a kan ƙarfe ba tare da an tsoma shi cikin mai ba. Wanda nake amfani da shi faranti ne na alminiyom mai kusurwa huɗu, an shafe samansa da baƙin shafin da ke hana abinci kamawa, yana da ɗan tire a ƙarƙashi da ke tare mai, kuma an rubuta wat 1,500 a bayansa, wato yawan wutar da yake ja. Yana ɗaukar fanke shida matsakaita a lokaci guda. Abin da ya bambanta shi da kaskon da ake ɗorawa a kan risho ko gawayi shi ne maɓallin daidaita zafi mai lambobi, kuma a kan wannan maɓallin ne ya kamata a auna shi, domin shi ne dalilin da mutum zai biya kuɗin da ya ninka na kasko sau da yawa.

Zafin da ya dace da fanke yana wajen digiri 190 a ma'aunin Selsiyos, wanda ya yi daidai da 375 a ma'aunin Farenhait da ake gani a kan kayan da aka ƙera domin kasuwar Amurka. Dalilin wannan adadi shi ne abubuwa biyu suna faruwa a cikin ƙullun a lokaci ɗaya, kuma dole su kammala tare. A ciki, bekin foda yana sakin iska idan zafi ya ratsa shi, iskar tana kumbura ƙullun, sannan ƙwai da fulawa su daskare su riƙe kumburin. A waje kuma, sukari da furotin ɗin madara da na ƙwai suna haɗuwa su ba da launin ja da ƙamshi, abin da ba ya kankama sosai sai zafi ya haura digiri 140. Idan kasko ya wuce kima, bayan fanke zai yi baƙi alhali cikinsa ɗanye ne. Idan kuwa zafin ya gaza, ƙullun zai baje, iskar ta fice kafin ya daskare, a samu fanke fari, mai tauri, wanda ya sha mai. Duk wadda ta taɓa tsayawa a gaban tandar masa tana janye itace tana mayarwa ta san wannan ilimi da hannunta, ko da ba ta taɓa jin lambar ba.

A wannan fanni kaskon ya cika alkawari, muddin wuta tana da ƙarfi. Idan aka murɗa maɓallin zuwa 190, wata 'yar fitila tana kamawa, ta mutu idan zafi ya kai, ta sake kamawa idan ya sauka. Na lura cewa mutuwar fitilar ta farko ba ta nufin kaskon ya shirya, domin na'urar da ke auna zafin tana kusa da inda wayar take shiga, kuma wajen yana riga sauran farantin yin zafi. Yana da kyau a ƙara masa kamar minti biyar bayan fitilar ta mutu. Daga nan sai fanke ya riƙa fitowa iri ɗaya, na farko da na ƙarshe launinsu guda, wanda abu ne mai wuyar samu a kan risho, inda kasko yake ƙara zafi a hankali har sai an ankara na ƙarshe sun ƙone. Ga mai yin karin kumallo na gida mai yawan yara, ko mai shirya buɗa baki da azumi lokacin da hankali ya rabu gida goma, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ce.

Sai dai zafin bai bazu daidai a ko'ina ba. Ƙarfen da ke ɗumama farantin lanƙwasasshe ne, yana zagaye a ƙarƙashi, kuma da yake alminiyom ɗin ba shi da kauri sosai, inda ƙarfen ya bi ya fi zafi, kusurwoyin kuma sun fi sanyi. Hanya mai sauƙi ta gano wannan ita ce a barbaɗa fulawa kaɗan a kan busasshen farantin a kunna shi, za a ga inda ta fara yin ja. A nawa, fanken da ke kusurwar da ta fi nisa da waya yana buƙatar ƙarin kusan rabin minti, saboda haka nakan fara zuba ƙullu daga can, in kuma juya shi a ƙarshe. Wannan aibi ne na gaske, kuma da masu ƙera shi sun ƙara wa farantin kauri da ya ragu ƙwarai, ko da kaskon zai ƙara nauyi da tsada.

Babbar matsalar ba daga kaskon take ba, daga wuta take, kuma a nan ne nake so mai niyyar saye ya tsaya ya yi lissafi. An ƙera irin waɗannan kaya domin wuta mai bolt 220 zuwa 240, ma'aunin Najeriya kuwa 230 ne. Zafin da ƙarfen ɗumama yake bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar yake faɗuwa: idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, abin da kaskon zai bayar bai wuce kashi 61 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. A irin wannan yanayi fitilar takan daɗe ba ta mutu ba, kuma da zarar an zuba ƙullu mai sanyi ludayi shida, farantin yana hucewa ya kasa farfaɗowa da wuri. Lambar da ke kan maɓalli tana nan a 190, amma ƙarfen bai kai ba. Ƙaramin janareta na gida, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba sam, haka ma ƙaramar inbata ta sola, kuma bai kamata a haɗa shi da siririyar wayar ƙari ba, domin za ta yi zafi har ta narke.

Saboda haka ban yarda a dogara da lamba kaɗai ba. Kafin zuba ƙullu, a yayyafa ɗigon ruwa a kan farantin. Idan ya zauna yana tafasa a hankali, zafi bai kai ba. Idan ya dunƙule yana tsalle yana yawo na ɗan lokaci kafin ya ƙafe, kasko ya yi. Bayan an zuba, ƙullun da kansa zai faɗi gaskiya. Cikin minti biyu zuwa uku ya kamata ƙananan kumfa su taso a samansa su fashe su bar ramuka a buɗe, gefensa kuma ya bushe ya daina sheƙi, a nan ne ake juyawa, sau ɗaya tak, ba tare da an danna shi da cokali ba. Ɗaya gefen ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu. Idan ƙasan ya yi duhu tun kumfa ba su taso ba, a rage zuwa 175, musamman idan an cika wa ƙullun sukari, domin sukari yana saurin ƙonewa.

Game da mai, shafin farantin yana aiki da kyau, kuma ɗan man gyaɗa da aka goga da tsumma mai tsabta ya wadatar. Bota da ɗanyen man shanu suna ƙonewa kafin a kai digiri 190 saboda ragowar madarar da ke cikinsu, su bar baƙin tabo da ɗaci a fanke na gaba, amma soyayyen man shanu da aka tace yana jurewa kuma ƙamshinsa ya fi. Shafin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, don haka ba a barin kaskon a kunne babu komai a kansa a ƙarshen maɓalli, ba a kuma kankare shi da cokalin ƙarfe ko soson ƙarfe. Wayar da maɓallin suna cirewa gaba ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wanki, amma a tabbata mahaɗar ta bushe sarai kafin a mayar.

Yanayin garinmu ma yana da nasa tasiri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, ƙullun da aka bari a buɗe yana saurin sakin iskarsa tun bai hau kasko ba, saboda haka hutun minti goma ya ishe shi. Da hunturu kuwa farantin ya fi daɗewa kafin ya ɗauki zafi, iska kuma tana sanyaya gefensa idan a tsakar gida ake aiki.

Na gwada shi da sinasir na shinkafarmu ta gida, ya kuma yi kyau idan aka rage zuwa wajen 175 aka kifa murfin tukunya a kai domin saman ya nuna, tunda sinasir ba a juya shi. Masa kam ba aikinsa ba ce, ba shi da gurabe, kuma tanda tana nan a matsayinta. Wanda unguwarsu take samun wuta mai ƙarfi da safe, ko yake da janareta da ya kai wat 2,500, zai ji daɗin wannan kasko kuma ina ba shi shawarar ya saya, amma ya sa mai shago ya kunna masa ya ga fitilar ta kama ta mutu kafin ya biya. Wanda wutarsu take zuwa da rauni, kasko mai kauri na baƙin ƙarfe a kan risho zai fi yi masa amfani da kuɗi kaɗan.