Sharhi kan KASAN: yana kama mai ƙetare iyaka da hannu dumu-dumu, amma yana cin memori

Matsalar rubutu a memori da ya zarce iyakarsa a cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ita ce ɓarnar ba ta bayyana a inda aka yi ta. Direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura, ya nemi bayit 100 na memori, ya rubuta 101, na'ura ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, sai can daga baya ta faɗi a wani sashe da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na yi aiki da KASAN, kayan binciken da ke cikin kanel don kama kurakuran taɓa memori, wajen farautar irin wannan kuskure a Linux, kuma a ganina babu abin da ya kama ƙafarsa a na'urar gwaji.

Ga abin da ya sa. Idan aka kira kmalloc, aikin da ake neman memori da shi a kanel, da bayit 100, mai rabon memori na SLUB ba ya yanka 100 cif, yana ɗauko gurbi ne daga rukunin kmalloc-128. Ke nan akwai rarar bayit 28 da ba a nema ba. Rubutun da ya zarce da bayit ɗaya a cikin rarar nan zai faɗa, ba zai taɓa maƙwabci ba, har ranar da wani ya canza girman zuwa 128 daidai, a nan ne asiri zai tonu. KASAN, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015, yana ware kashi ɗaya cikin takwas na memori a matsayin inuwa: bayit ɗaya na inuwa yana lura da bayit takwas na ainihi. Sifili na nufin duka takwas halas ne a taɓa, 1 zuwa 7 na nufin na farko-farkon kaɗai, alamar fc kuwa shinge ne, wato wurin da aka hana taɓawa. A gurbin namu za ka ga sifili goma sha biyu, sai 04, sai fc. Manhajar harhaɗa kanel, GCC ko Clang, tana cusa bincike kafin kowane karatu ko rubutu, don haka da an taɓa bayit na 101 rahoto zai fito nan take.

Rahoton ne ya fi burge ni. Yana farawa da "BUG: KASAN: slab-out-of-bounds", ya faɗi aikin da ya yi laifin, ko karatu ne ko rubutu, da girmansa, sannan jerin kiran da ya kai ga wurin, da na inda aka ware gurbin tun farko. Ka miƙa shi ga scripts/decode_stacktrace.sh, ƙaramar manhajar da ke zuwa tare da kanel, ya ba ka sunan fayil da lambar layi. Aikin kwana uku ya koma na minti goma.

Kunna KASAN ba wuya: a saitin gina kanel ka kunna CONFIG_KASAN da CONFIG_KASAN_GENERIC, sai ka zaɓi INLINE ko OUTLINE. Na farkon ya fi sauri amma kanel ɗin yana kumbura. Abin da kan yaudari sabon shiga shi ne rahoton farko kaɗai ake bugawa, sauran kurakuran a yi shiru da su. Ka ƙara kasan_multi_shot a layin tashin na'ura in kana son ganin duka.

Nauyinsa kuwa ba a magana. Ban da inuwar, akwai faɗaɗa shinge da kuma killace guraben da aka saki na ɗan lokaci don kama mai amfani da su bayan saki. Ƙaramar na'ura tana iya shaƙewa. Jinkirin da yake jawowa ma yana canza yadda ayyuka ke gudu kafaɗa da kafaɗa, har kuskuren da ya dogara da tsere tsakanin ayyuka biyu ya ɓuya. Kuma abin da mai harhaɗawa bai gani ba, KASAN ma bai gani ba: rubutun da na'ura ta yi kai tsaye ta DMA, wato ba tare da bi ta CPU ba, yana wuce shi salin alin.

A nan slub_debug=FZPU, binciken da SLUB ke yi da kansa in an ƙara shi a layin tashin na'ura, ke da rana. Ba ya buƙatar sabon kanel muddin an gina shi da CONFIG_SLUB_DEBUG, yana cika shinge da 0xcc a gefen gurbin da ke hannu, ya zuba 0x6b a wanda aka saki. Sai dai ba ya duba shingen sai lokacin saki ko sabon rabo, wato gawa yake nuna maka, ba makashi ba. Amma ko DMA ce ta taka shingen, zai ga sawun.

Na'urar da ke yi wa jama'a aiki kuma, kada ka kai mata KASAN irin wannan. KFENCE, wani mai binciken memori mara nauyi da ya zo a Linux 5.12, shi ya dace da ita: duk milisakan 100 yana ɗaukar rabo ɗaya ya ajiye a shafinsa shi kaɗai, tsakanin shafuka biyu na tsaro, a tafki mai gurabe 255, kimanin megabayit 2 inda shafi yake kilobayit 4. Samfuri kawai yake ɗauka, don haka a na'ura ɗaya za ka daɗe kana jira. In rahotonsa ya fito, ɗauki sunan aikin da ya ambata ka koma na'urar gwaji, ka maimaita wannan hanyar a ƙarƙashin KASAN.