Hattara da Masu Sayar da Jabun Na'urar Kiran Ceto

Jama'a, a yi hattara da masu tallar abin da suke kira na'urar ceto ta tauraron ɗan'adam a intanet. Wani abokina da ke shirin doguwar tafiya ta inda babu sabis ya turo mini hoton wata talla, yana tambaya ko ya saya. Hoton kam ya haɗu: 'yar na'ura ruwan goro, da jan maɓalli an rubuta SOS, an zana tauraro yana shawagi a samanta, ga alkawarin wai ko a tsakiyar teku ka danna za a zo a ɗauke ka. Na ce ya yi wa mai kayan tambaya ɗaya tak: a kan wace mita take aika kira? Amsar da ta dawo ita ce, "Ranka ya daɗe, sim kawai za ka sa mata." Na ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi sauran muni shi ne kaya ne da ba ka gane jabu ne sai ranar da ranka ya rataya a kansa. In aka sayar maka da lalatacciyar waya, kafin dare ka gane, ka koma ka yi rigima. Wannan kuwa za ka jefa ta a jaka shekara biyu, uku, hankalinka kwance, har ka shiga wuraren da da ba za ka shiga ba don kana ganin kana da madogara. Wanda ya danna ba a zo ba, da wuya ya dawo ya rubuta ƙorafi a shafin mai kaya. 'Yan damfarar sun san da haka sarai.

Ta gaskiyar tana aiki ne da wani tsari na duniya mai suna Cospas-Sarsat. Ƙasashe huɗu suka kafa shi, Kanada da Faransa da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ana tsaka da yaƙin cacar baki, wanda shi kansa abin mamaki ne. An harba tauraron farko a 1982, kuma a watan Satumba na shekarar aka ceto mutum uku da ƙaramin jirginsu ya faɗi a lardin Birtish Kolombiya na Kanada. Daga nan zuwa yau waɗanda aka ceto da taimakon tsarin sun haura 50,000. Na'urorin iri uku ne: PLB wadda mutum ke ɗauka a jikinsa, EPIRB ta jiragen ruwa, da ELT ta jiragen sama. Dukansu a kan mita guda suke kira, megahaz 406. In ka miƙe eriya ka kunna, na'urar tana harba gajeren saƙo, kamar rabin daƙiƙa, duk bayan daƙiƙa 50 ko kusa da haka, da ƙarfin wat 5. Saƙon na ɗauke da lambar shaidarta, da wurin da take idan tana da GPS a ciki. Taurari su kama, su sauke wa tashar ƙasa, tashar ta miƙa wa cibiyar kula da tsarin, ita kuma ta tura wa cibiyar ceto da ke da alhakin yankin da kake. Babu sim, babu kati, babu kuɗin wata.

To ina mai tallar abokina ya samo kalmar tauraro? Nan wayon yake, kuma mutane da yawa nan suke faɗawa. Na'urarsa tana da GPS da gaske, GPS kuma da taurari yake aiki. Amma GPS kunne ne, ba shi da baki. Yana sauraron taurari ya lissafa inda yake, shi ke nan; ba ya faɗa wa tauraro komai. Kafin wani ya san inda kake, sai na'urar ta sami hanyar fitar da labari, kuma hanyar waɗannan masu araha ita ce turakun wayar salula, daidai da wayar da ke aljihunka. Na'urorin bibiya ne da ake maƙala wa mota ko kaya, aka sauya musu riga. Inda akwai sabis za ta tura saƙo ga lambar da ka sa mata, ba ga masu ceto ba. Inda babu sabis, wato wurin da ka saye ta dominsa, za ta san inda kake har taku nawa, amma daga ita sai kai kuka sani. Mai kayan bai ma yi ƙarya tsagwaronta ba, rabin gaskiya ya faɗa ya bar ka ka cike sauran da kanka.

Akwai kuma masu kwaso tsofaffin kaya. Kafin na'urorin 406 su yaɗu, an daɗe ana amfani da masu kira a kan megahaz 121.5 kaɗai. Taurarin Cospas-Sarsat sun daina sauraron wannan mita tun ranar 1 ga Fabrairu 2009. Waɗannan tsofaffi ba jabu ba ne, kamfanoni na gaske suka ƙera su, suna da nauyi a hannu da tambari mai kyau, shi ya sa suke ruɗar mai saye. In ka yi gardama sai mai kayan ya ce ai har yau masu ceto suna amfani da 121.5. Haka ne. Na'urar zamani ma tana fitar da wata siririyar sigina a kan wannan mita, don jirgin ceto in ya iso kusa ya bi ta har ya tarar da kai. Amma sai ya san yankin tukuna ya taso, kuma 406 ce ke gaya masa. Mai riƙe da tsohuwa sai dai ya yi fatan wani jirgin sama mai wucewa ya ji ƙararta ya kai rahoto.

Batir kuwa magana ce gajeriya. Ƙa'ida ita ce PLB ta iya kira aƙalla awa 24 ba tsayawa, EPIRB awa 48, ko cikin tsananin sanyi. Batirin yakan yi shekara biyar zuwa sama a ajiye, kuma an buga ranar ƙarewarsa a jikin na'urar. 'Yan damfara sukan manna sabuwar takarda a kan tsohuwar rana, ko su ɓalle na'urar su cusa kowane irin batir su rufe, alhali wannan aiki ne na cibiyar da kamfani ya amince da ita, domin bayan canji sai an tabbatar ruwa ba zai shiga ba. Kada bidiyon da aka nuna maka ana danna maɓallin gwaji fitila na ƙiftawa ya ruɗe ka. Ƙiftawar daƙiƙa biyu ba ta nuna za ta kai kwana tana kira.

Sai batun rajista, wanda ni a ganina ya fi kowanne tarko, domin har wanda ya sayi ta ƙwarai yana iya faɗawa. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 15, kuma a cikin lambar akwai alamar ƙasar da aka saita ta dominta. Mai ita yakan yi rajista da sunansa, da bayanin jirginsa ko irin tafiyar da yake yi, da lambobin waɗanda za a kira in wani abu ya faru. Da kira ya shigo, masu ceto sukan duba wannan bayani su buga waya don su san wa suke nema, mutum nawa ne, kuma ko kiran na gaske ne. Yanzu ka ɗauka ka sayi ta hannu wadda tsohon mai ita bai soke rajistarsa ba, ko wadda aka sato. Kana can cikin wahala, ana can ana kiran wani mutum a wata nahiya, yana cewa shi lafiyarsa lau, ya ma manta da na'urar. Ba za a yi watsi da kiranka ba, ko wadda ba a yi wa rajista ba ana bin kiranta, amma lokacin da aka ɓata wajen warware ruɗani daga cikin naka lokacin aka cire shi. Kuma na'urar da aka saita wa wata ƙasa, ba lallai hukumar ƙasarka ta karɓi rajistarta ba sai an sake saita lambar, wanda shi ma aikin ƙwararru ne da ake biya. Mai kayan ba zai faɗa maka wannan ba.

A gefen nan ne wasu suka buɗe tasu kasuwar. Za ka ga shafi mai tambari kamar na gwamnati yana neman kuɗin rajista, ko saƙo ya shigo maka cewa rajistarka ta ƙare, in ba ka biya yau ba za a "kashe" na'urarka daga tauraro. Ba mai kashe ta daga nesa don ba ka biya ba. Tsarin ba haka yake ba. A Amurka hukumar NOAA ke rajistar kyauta, ana sabunta bayani duk shekara biyu. A Birtaniya ma kyauta ce. Ga ƙasashen da ba su da nasu rumbun, Cospas-Sarsat tana da rumbun rajista na ƙasa da ƙasa, shi ma ba a biya. Inda akwai wani kuɗin lasisi, hukumar ƙasa ake ba wa kai tsaye. Waɗannan shafuka ba kuɗi kaɗai suke ci ba, ka tuna irin bayanin da kake cikawa: adireshinka, lambobin iyalinka, da lokutan da ba ka gida.

Don kada a yi tuya a manta da albasa, akwai na'urori na halal da ake biya wa kuɗin wata. Garmin inReach tana aiki da taurarin Iridium, SPOT da na Globalstar, har wayoyin iPhone tun daga samfurin 14 na 2022 suna iya aika kiran gaggawa ta tauraro a ƙasashen da aka buɗe wa sabis ɗin. Irin su inReach suna da abin da PLB ba ta da shi, kana iya rubuta wa masu ceto abin da ya same ka su ba ka amsa. Amma kamfanoni masu zaman kansu ne ke da taurarin, kuma a irin su inReach da SPOT, in biyan ka ya yanke, maɓallin SOS na iya zama ado. Don haka wanda ya sayar maka da irin wannan ya ce ya riga ya biya maka har abada, ka yi shakka. Wanda kuma ya sayar maka da PLB ya ce ka riƙa turo masa kuɗin tauraro duk wata, ɓarawo ne kawai.

Wani mai kayan in ka matsa masa sai ya ce, to kunna ta ka gani da idonka. Kada ka kuskura. In jabu ce ba za ka ga komai ba, zai ce ai saƙon ya tafi. In ta gaskiya ce kuwa ka tayar da cibiyar ceto a banza, wataƙila har jirgi ya tashi, alhali wani na can yana nutsewa da gaske. Mafi yawan kiran da ke shiga tsarin dama na kuskure ne, kuma a ƙasashe da dama ana hukunta wanda ya yi da gangan. Maɓallin gwaji daban yake da na kira. In kuma ta kunnu bisa tsautsayi, kashe ta, sannan ka kira hukumar ceto ka faɗa musu, tare da lambar na'urar.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi sunan kamfanin da ya ƙera ta da samfurinta, ka shiga shafin Cospas-Sarsat da kanka ka duba, domin suna wallafa jerin duk samfurin da suka gwada suka amince da shi, kowanne da lambar takardar amincewarsa. Kada ka bi mahaɗin da mai kayan ya turo maka. Ka ce ya ɗauki hoton bayan na'urar da zai aiko maka ɗin, ba ta cikin talla ba, inda za ka ga 406, da lambar nan mai 15, da ranar ƙarewar batir ba manne ba kankare. Ka tambayi ƙasar da aka saita ta dominta. In ta hannu ce, ka nemi shaidar tsohon mai ita ya sake ta. Dillalin gaskiya kullum yana jin waɗannan tambayoyi, cikin minti biyar zai amsa.

Abokina ya tura wa mutumin nan biyu daga ciki, sunan samfuri da hoton lamba. Da farko aka ce kaya na sito, ba a iya buɗe kwali. Sai aka ce saura guda uku, ragin kuma daren nan zai ƙare. Da ya sake tambaya aka toshe shi. Bayan kwanaki kaɗan ya turo mini wata tallar: hoto ɗaya, jan maɓalli ɗaya, tauraron nan dai yana shawagi, sunan shagon kawai aka canza.