Monterosso: mun biya sahun gaba, aka kai mu jikin bango

Yau kwana tara da dawowarmu daga Monterosso, wani gari na bakin teku a Italiya, kuma har yanzu idan na kalli shatin da ke hannun 'yata Ummi sai raina ya kasu biyu game da wurin da muka kama hayar laima a bakin ruwa. Ba zan kama sunansu ba. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta garin ya san yadda masu ba da hayar laima suke jere a gaɓar tekun da ake kira Fegina, kowane da launin laimarsa, kuma kun san yadda kuɗinsu yake a watan Yuli, ba sai na tsaya lissafi ba.

Ni na buga waya da kaina tun ranar Litinin. Na ce mu huɗu ne, ni da maigida da yara biyu, ina son laima ɗaya da gadajen kishingiɗa biyu a sahun farko, ranar Asabar. Dalilina ɗaya ne. Ummi shekararta 6, yayanta 9, kuma duk cikinsu babu wanda ya ƙware a ninƙaya, shi ya sa nake son idona ya kasance a kansu ko a zaune nake. Matar da ta ɗauki wayar ta ce babu matsala, ta faɗi kuɗin sahun farko wanda ya ɗara na baya da Yuro 15, ta ce in tura duka. Na tura, ta rubuto cewa ta gani. Ko da wasa ba ta ce mini akwai lokacin da in ya wuce za su ba wani wurin ba.

Da sassafe muka taso daga Parma, muka bi jirgin nan da ke ratsa duwatsu ta Pontremoli har La Spezia. A nan ne abin ya fara karkacewa. Jirgin da ke bin ƙauyukan Cinque Terre guda biyar ya iso a cike, ba masaka tsinke, jama'a suka yi masa caa. Abban Ummi ya dube ni ya ce ba za mu cusa yara cikin wannan turereniya ba, muka jira na bayansa. Hanyar kusan duk cikin ramin dutse take, teku sai dai ka hango ta walƙiya guda ta ɓace: Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza, sannan Monterosso, na ƙarshe. Da muka sauko daga matakalar tasha sai ga ruwa shuɗi shar a gabanmu, titi kawai ya raba mu. Yara suka sa ihun murna. Ƙarfe 11 da minti goma ne a lokacin.

Matar tana zaune a bakin kantar wurin da littafinta. Na faɗi sunana, ta bi layi da biro, ta ɗago ta ce wurinmu ya tafi, wai duk wanda bai iso ƙarfe goma da rabi ba an saki laimarsa. Ta nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a gefen kanta, rubutun ƙanana. Na ce sinyora, ni ta waya na kama, ta ina zan ga takardar da ke manne a nan ina Parma? Na buɗe mata saƙon da ta turo mini. Ta kalla, ta ɗaga kafaɗa, ta kira wani yaro ya kai mu. Yaron ya yi ta tafiya da mu baya, baya, har sai da muka dangana da bangon da ke ƙarƙashin titi. Sahun ƙarshe. Iska ba ta isowa, bango ya ɗau zafi, takun masu wucewa a saman kanmu, kuma in ka zauna ba abin da kake gani sai ƙafafun gadaje da laimomin mutane. Bakin ruwan ma ba a hango shi.

Na koma na ce to, tun da haka ne a mayar mini da bambancin. Ta ce ba sa mayar da kuɗi. Haka kawai, ko haƙuri ba ta ba ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski; in ba za ki iya askin ba, sai ki mayar da ladan. Muryata ta fara tashi, sai maigida ya matso ya ce, "Maman Ummi, bar ta don Allah, kada mu ɓata wa yara yininsu." Na ce, "Abban Ummi, ba kuɗin ne damuwata ba, daga can ba na ganin yaran." Ya ce za mu riƙa karɓa-karɓa. Na haɗiye. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne gadajen sahun farkon da aka ce an bayar, tawul ne kawai a kansu har azahar, masu su ba su zauna ba.

Haka na yini a tsaye a bakin ruwa. 'Yan takun nan da ke dab da ruwa na wucewa ne, ba a yarda ka shimfiɗa tabarma ka zauna ba, don haka tsayuwa ce ƙiƙam. Ƙasar wurin yashi ne mai kauri gauraye da tsakuwa, in rana ta take yana ƙona tafin ƙafa, kuma ruwan yana zurfi da wuri, taku kaɗan ya kai wa yaro ƙirji. Mai zuwa da yara ya sayo musu takalman roba na shiga ruwa. Kayan wankana masu rufe jiki har wuyan hannu ne, na zo da fargabar kallo, amma gaskiya babu wanda ya dame ni.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ƙishi ya kama ni. Abbansu yana cikin ruwa yana koya wa yayan Ummi kwanciya a kan ruwa, Ummi kuma tana wasa da bokitinta inda ruwa bai wuce gwiwarta ba. Na ce masa zan je in ɗauko gora. Ina isa jikin bango, ko murfin jaka ban gama buɗewa ba, na ji ƙara. Uwa ta san kukan ɗanta ko cikin dubu. Cikina ya ɗuri ruwa. Na waiga, ba na ganin komai sai laimomi. Na zuba da gudu ina ratsa tsakanin gadaje, ina tuntuɓe da jakunkuna da silifas ɗin mutane, ina salati, ban san ko nutsewa take yi ba. Wannan gudun shi ne abin da na biya Yuro 15 don kada in yi shi.

Kafin in isa har an ɗauke ta. Mai tsaron masu wanka ne, wanda suke kira banyino, wani dattijo mai furfura da jar riga, fatarsa duk rana ta dafa ta. Ya zaunar da ita a kan gwiwarsa a bakin ruwa, Abbanta yana riƙe da ɗaya hannun. Daga wuyan hannunta har gwiwar hannu wani jan shati ya taso, sai ka ce an zabga mata dorina. Medusa ce ta harbe ta, wata halittar teku mai laushi da ke da dafi a zaruruwanta. Ni kuwa gorar ruwan sha tana hannuna, na buɗe zan kwara mata, sai dattijon ya riƙe mini hannu ya ce, "No, sinyora, no." Ya ce ruwan daɗi shi ke fasa sauran dafin da ya maƙale a fata, raɗaɗin ya ƙaru. Ya hana a murza, ya hana a shafa yashi, duk da wata tsohuwa a gefe tana ta cewa a shafa. Ya karɓi bokitin wasan Ummi ya riƙa ɗebo ruwan teku yana zubawa a hankali, ya fi sau goma. Sannan ya ciro wani kati na roba daga aljihunsa ya kankare wurin sannu sannu, gefe ɗaya kawai yake bi, har 'yan zaruruwan da suka manne suka fita. Ya aika aka kawo akwatin magani, ya shafa wani mai mai sanyi da ya ce domin harbin medusa aka yi shi, ya rufe da bandeji saboda rana.

Duk wannan aikin yana yi yana hira da ita. Ya tambaye ta ajinsu nawa, ya ce ta ƙirga masa jiragen ruwan da ke wucewa wajen tsaunin Punta Mesco. Tana shessheƙa tana ƙirgawa da Italiyanci, kafin ta kai bakwai kukan ya tsaya. Sai ya juyo gare mu ya yi mana bayani a natse, yana maimaitawa don ya tabbata na gane: idan muka ga fuskarta ko leɓenta ya kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ta fara amai, kada mu jira, mu kira 112, lambar agajin gaggawa. In ba haka ba raɗaɗin zai lafa da kansa. Daga baya ya shiga da raga ya kamo abin ya sa a bokiti don yara su gani. Bai fi tafin hannuna ba, launinsa tsakanin ja da shuɗi, kamar ledar fiya-wata da aka yar a ruwa, da dogayen zaruruwa a ƙasa. Ya ce in iska ta juyo daga teku ita ke koro su gaɓa.

Da ya tambayi inda laimarmu take na nuna masa bango, sai ya girgiza kai ya ce harkar kanta ba a hannunsa take ba. Amma ya jawo kujera ya ajiye a inuwar hasumiyarsa, ya ce Ummi ta zauna nan tare da ni ta riƙa kallon ruwa. Sau biyu yana saukowa ya ɗaga bandejin ya duba. Maigida ya dunƙule wani abu zai ba shi, ya ƙi ƙememe, ya dafa ƙirji. Da muka tambaye shi wuri mai tsabta da za mu yi salla, ya buɗe mana ɗaya daga cikin ɗakunan katakon canza kaya, muka shiga ɗaya bayan ɗaya muka haɗa azahar da la'asar. Alƙibla kusan saitin da Vernazza take ne, ga mai bukata. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. A wannan lokacin zuciyata ta yi sanyi, har na ce wa Abban Ummi na yafe maganar laima, wurin da ya ajiye ma'aikaci irin wannan ya ci a yaba masa.

Ashe da sauran rina a kaba. Mun koma jikin bangonmu, na buɗe kula na ciro dambun nama da ɗan cincin da na yi tun daren Juma'a, don yarinya ta sa wani abu a cikinta. Loma biyu ba ta yi ba sai ga matar kanta a tsaye a kanmu, wai ba a cin abincin waje a nan, akwai wurin sayar da abincinsu. Na duba dama da hagu. Ma'auratan da ke laimar gabanmu burodin fokaca suke ci daga takardar wani shago, ɓarɓashi har kan gado, ba ta ce musu uffan ba. Ba zan rantse cewa saboda ɗankwalina ba ne, Allah ne masanin zuciya. Amma tana ganin bandeji a hannun yarinya, ta kuma ji ihun ɗazu kamar yadda kowa ya ji, ko sannu ba ta ce ba. Duk abin da na ce na yafe ya dawo mini sabo fil. In taurari ake bayarwa, biyu zan ba su, kuma duka biyun na dattijon nan ne.

Muka rufe kula muka fita. Akwai rami na masu tafiya a ƙasa da ke ratsa tudu ya kai ka tsohon gari, tafiyar 'yan mintuna ce, kuma sanyin cikinsa ya yi wa yaran daɗi. Can muka ci farinata, wainar garin waken nan da man zaitun da ake gasawa a faffaɗan faranti, da ƙananan kifin da garin ya shahara da su, achuge, soyayyu a cikin takarda. Mai son fokaca ya tambaya tukuna ko akwai strutto a ciki, wato kitsen alade, don wasu masu gashi suna sawa; wanda muka tambaya ya ce nasa man zaitun ne zalla. Shi ne ma ya nuna mana hoton da ya rataya na ambaliyar 25 ga Oktoba 2011, lokacin da laka da duwatsu suka gangaro suka cike titin da muke tsaye a kai. Kana kallon lungunan yau ba za ka ce an taɓa yin haka ba. Garin kam yana da kyau, ba ni da ta cewa a kansa.

Da muka dawo kwashe kaya, yayan Ummi ya so ɗauraye gishiri. Ruwan ɗumi sai da kwabon da ake saya a kanta. Na'urar ta haɗiye na farko ruwa bai zo ba, matar ta ce sai dai mu sayi wani. Ya yi wankansa da ruwan sanyi muka tafi.

Maigida yana cewa mu koma a Satumba in mutane sun ragu, wai mu je gaɓar kyauta da ke ƙarshen Fegina, kusa da ƙaton gunkin da aka gina jikin dutse tun 1910, mu tafi da laimarmu. Ban ba shi amsa ba tukuna, don ina tuna hannun da ya riƙe ni lokacin da zan kwara wa yarinya ruwan gora. Wanda zai kama wuri ta waya dai ya sa su rubuto masa sahun da kuma ƙarfe nawa suke sakin laima, ya ajiye saƙon, ya kuma ƙara sa'a guda a lissafinsa saboda La Spezia.

Na tura musu saƙo ranar Litinin ina neman Yuro 15 ɗina, an karanta, ba amsa. Shatin ya koma ruwan ƙasa, mai kantin magani a unguwarmu ta ce a riƙa rufe shi daga rana har ya baje. Ummi ta zana dattijon da jar rigarsa da bokiti a hannu, tana ta damuna in aika masa. Adireshin da nake da shi na wurin ne kawai, kuma na san a hannun wa wasiƙar za ta fara sauka, shi ya sa zanen yana nan manne a jikin firij.