Faifan The Bela Session na Bauhaus: waƙa ɗaya ta biya kuɗina

Saboda waƙa ɗaya tak na sayi faifan garmaho na The Bela Session, kuma ban yi da-na-sani ba. Faifan ya fito a 2018, ɗauke da waƙoƙi biyar da 'yan ƙungiyar mawaƙan Bauhaus suka naɗa ranar 26 ga Janairu, 1979, a situdiyon Beck da ke garin Wellingborough a Ingila. A lokacin makonsu shida kacal da haɗuwa a Northampton. Samari huɗu ne: Peter Murphy ke rerawa, Daniel Ash na riƙe da jita, David J na kan jitar bas, ƙanensa Kevin Haskins kuma na dukan ganguna. Da farko Bauhaus 1919 suke amsawa, sunan wata makarantar zane-zane da fasalin gini ta Jamus da aka buɗe a waccan shekarar, daga baya suka yar da lambar.

Waƙar da nake nufi ita ce "Bela Lugosi's Dead", wadda masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin kiɗan gotik, wani salon kiɗan rok mai duhu da ban tsoro. Tsawonta ya kai minti tara da rabi, kuma a ɗauka ɗaya suka naɗe ta. Da allura ta sauka kan faifan, abin da za ka fara ji shi ne ƙwas-ƙwas na sandar Haskins a bakin ganga, sai bas ya shigo a hankali yana gangarowa ƙasa. Jitar Ash ba ta bin wani kari, karce-karce kawai take yi, amsa-kuwwa na maimaita shi har ya ɓace. Ana shafe fiye da minti biyu a haka kafin Murphy ya buɗe baki, da wata murya mai kauri kamar daga cikin rijiya take fitowa. Wanda yake wa waƙar ɗan wasan fim ne ɗan ƙasar Hangari, shi ya fito a matsayin Dracula mai shan jini a 1931, ya mutu a 1956.

Abin da ya fi taɓa ni, wanda ban taɓa ji sosai ta wayar hannu ba, shi ne yadda kiɗan Jamaika ke kwance a ƙarƙashin waƙar. Wannan amsa-kuwwar da gurbin da ake bari tsakanin sauti da sauti, duk gadon salon dub ne, ɗan uwan rege. Duk wanda kunnensa ya saba da rege zai gane shi nan take, musamman idan lasifikarsa na fitar da bas da kyau. Wallahi na ji daɗin wannan, domin mutane sun fi tuna baƙaƙen kaya da fararen fuskokin 'yan gotik, su manta inda tushen sautin yake.

Sauran huɗun kuwa ba su kama ƙafarta ba. "Harry" rege ce ƙarara, tana da daɗi amma ba nauyi. "Bite My Hip" ɗanyen aiki ne, sai daga baya suka gyara ta ta koma "Lagartija Nick". Za ka ji yara ne masu laluben hanya, ba su ma san sun riga sun same ta a waƙar farko ba. Faifan kuma gajere ne, kafin ka gyara zama ya ƙare.

Ba kuma zai ba ka sauran labarin ba. Kamfanin Small Wonder ya saki "Bela Lugosi's Dead" a watan Agustan 1979, mai gabatar da shiri John Peel ya riƙa sa ta a rediyon BBC, Bauhaus kuma suka fitar da kundi huɗu tsakanin 1980 da 1983. Ana cikin aikin na huɗun ciwon huhu ya kwantar da Murphy, sauran suka yi yawancin aikin ba shi, a Yulin 1983 kuma suka watse bayan wasansu na Hammersmith Palais a Landan. Sauran ukun suka kafa ƙungiyar Love and Rockets, Murphy ya ci gaba shi kaɗai, daga baya ya koma Turkiyya da zama. Sun sake haɗuwa a 1998, sannan suka fitar da kundi na biyar a 2008.

Wanda bai taɓa jin Bauhaus ba, ya fara da kundinsu In the Flat Field na 1980, can ne ƙarfinsu ya cika. The Bela Session kuwa na wanda ya riga ya san su ne, yake son jin yadda suke kafin kowa ya san sunansu.