Kalkwasser ko matatar iska: wanne ya fi riƙe pH a ƙaramin tankin murjani?

Da dare, in an kashe fitila, iskar CO2 kan taru a ruwa, sai ruwan ya ƙara tsami, pH ɗinsa, wato lambar da ake auna tsamin ruwa da ita, ya faɗo ƙasa da 8.1 zuwa 8.3 da murjani ke so. Kalkwasser, wato ruwan kalsiyam haidiroksaid, yana shanye iskar, ya kuma ƙara kalsiyam. Sai dai nasa pH ya haura 12. A ƙaramin tanki kuwa, ɗan kwarara ya isa ɓarna, dole a bar shi yana ɗiga ɗis-ɗis cikin dare. Ita kuwa matatar iska, cike take da ƙwayoyin soda laim masu shanye CO2 daga iska kafin ta shiga ruwa; a bututun iskar sikima, wato na'urar da ke fitar da dattin ruwa da kumfa, ake ɗaura ta. Ba ta da wannan haɗari, amma ƙwayoyinta na ƙarewa, su koma shunayya, a sake saye. Ga sabon shiga dai, matatar ta fi kwanciyar hankali.