Diklofenak ko parasitamol ga mai gyambon ciki

Ana iya gwada mutum a asibiti a ce ba shi da H. pylori, ƙwayar cutar da ke yawan jawo gyambon ciki, amma gyambon ciki na nan daram. Galibi a nan sai a dubi maganin rage ciwon da yake sha.

A Maraɗi diklofenak da ibuprofen sun zama ruwan dare. Ɗan kabu-kabu ya yini kan babur, ƙugu ya riƙe, ya tsaya wajen mai tiren magani a bakin kasuwa, ya haɗiye biyu ba komai a cikinsa. Gaskiya suna aiki, musamman ga ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Sai dai suna rage sinadarin da ke sa ciki ya fitar da majinar da ke kare bangonsa, sai ruwan tsami ya samu wurin ci. Asfirin ma ɗan gidansu ne. Tsofaffi sun fi shiga haɗari, wani lokaci ba zafi ba komai, sai baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini. Wannan kuwa na asibiti ne nan take.

Parasitamol ba ya yi wa bangon ciki wannan ɓarna. Ba ya sauke kumburi, shi ya sa wasu ke raina shi, kuma in babba ya wuce giram 4 a rana hanta ce ke jin jiki.

A ganina, mai gyambo parasitamol ne nasa. Wanda dole sai diklofenak, likita kan haɗa masa da omeprazol, maganin rage ruwan tsamin ciki da ake ba mai gyambo na sati 4 zuwa 8.