Robar haƙora mai shimfiɗe ko mai tura haɓa gaba: wacce ta dace da muƙamuƙi mai ƙara?

'Yar'uwa, kin ce muƙamuƙinki na yin ƙas in kin yi hamma, likita ya ce faifan gaɓar ne ya goce, kuma ya ambata miki roba iri biyu. To, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Faifan nan ɗan guringuntsi ne da ke zaune tsakanin kan ƙashin muƙamuƙi da ƙoƙon kai, dab da kunne. In ya zame gaba, sai kan ƙashin ya haye shi yayin buɗe baki. Ƙarar da kike ji ke nan.

Ta farko, wadda ake kira Michigan, roba ce mai tauri, samanta a shimfiɗe, tana rufe dukkan haƙoran sama ko na ƙasa, galibi da dare ake sa ta. Ba ta mayar da faifai mazauninsa. Sauke wa gaɓa da tsokoki nauyi take yi, ta kuma kare haƙoran mai cizon haƙora cikin barci. In ciwonki na wayewar gari ne, kunci ya yi tsami, nan ta fi amfani.

Ta biyu tana da ɗan tudu da ke riƙe haɓa a gaba, yadda kan ƙashin zai zauna ƙarƙashin faifan. Ƙara kan ɗauke nan take, shi ya sa take burge mutane. Amma sau da yawa in an cire ta ƙarar na dawowa, kuma wanda ya daɗe yana sa ta dare da rana, turamensa na iya daina haɗuwa, ya rasa yadda zai tauna. Gyaran wannan ya fi ciwon farko wahala.

Ni dai a ganina a fara da ta farko. Ta biyu sai ga mai ƙara haɗe da ciwo, ko mai bakin da kan sarƙe ya sake, ita ma na ɗan lokaci, likita na dubawa. In kuwa ƙara ce kawai ba ciwo, yawanci ba a buƙatar ko ɗaya. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti, kan nuna gocewar faifai har a mutanen da ba su da wani kuka.

Ki gwada yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wato kusan milimita 40. In ƙarar ta ɓace kwatsam kuma baki ya ƙi buɗewa haka, ki koma wurin likita da wuri.